Turare a Matashin Saƙa

Hasiya takan ce hannunta ne ya kai ta wurin saƙa, ba ƙafarta ba. Aikinta ɗibar jini ne a wani asibiti da ke Bronx, kuma duk wanda ya taɓa miƙa mata dantse ya san ba ta neman jijiya sau biyu. Wata rana wata tsohuwa 'yar Puerto Rico mai suna Doña Milagros ta zo gwaji. Ta zuba wa yatsun Hasiya ido har aka gama, sannan ta ce, "Wannan hannun asararsa ake yi a kan jini. Ki zo ranar Asabar."

Ta je ne don kunya, ta zauna don abin ya kama ta. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin wani tsohon gini bayan Fordham Road, inda mata kaɗan ke haɗuwa suna saƙa leshi da hannu. A Zariya, inda Hasiya ta taso, leshi abu ne da ake yankowa yadi biyar a kasuwa a kai wa tela, ba ta taɓa tunanin akwai mai zama ya ƙulla shi zare bayan zare ba. Kowace mace da akwatin katako a gabanta, a cikinsa wani matashi mai kamar gammo da aka mulmula, yana juyawa. A kan matashin ake manna kwali mai ɗige-ɗigen zane, a kafa allurai masu kai a cikin ɗigon. Zaren kuwa yana naɗe ne a jikin 'yan sanduna sirara da ke reto a gaban akwatin. A ɗauki biyu a gitta, a murɗa, a kafa allura, a sake. In ɗakin ya yi tsit ba ka jin komai sai ƙarar sandunan suna taɓa juna.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, Hasiya ta zama wadda ake leƙa aikinta. A daidai lokacin ne hannun Doña Milagros ya fara rawa. Da farko ta ce sanyi ne, daga baya ta daina cewa komai. Tana tsaka da saƙa bakin rigar da za a sa wa tattaɓa-kunnenta ranar baftisma, ta kai rabi, allura ta daina shiga inda take so. Tsohuwar ba mai neman a tausaya mata ba ce. Ranar wata Asabar ta tura akwatinta gaban Hasiya, ta ce, "Ki ƙarasa min. Mai ɗinkin rigar yana jira."

Sauran matan suka kalli juna, domin kowa ya san akwatin nan. Na mahaifiyarta ne, da shi Doña Milagros ta hau jirgi tana budurwa, kuma ba ta taɓa barin wani ya ko matsar da shi daga kan tebur ba. Sandunansa sun yi baƙi sun yi santsi don shan hannu.

Sai dokoki suka biyo baya, tana faɗa tana ƙirgawa da yatsan da ke rawa. A wanke hannu kafin a taɓa zare. Ban da mai, kowane iri. In an tashi a rufe aikin da farin ƙyalle. Kada a ajiye shi a rana, kada a kai shi kusa da girki. In an kai ƙarshe kada a yanke zaren, a bar allurai a kafe, ita za ta ɗaure ta yanke da hannunta, ko da hannun zai yini yana yi.

Kafin ta saki akwatin, ta sunkuya ta kai hancinta jikin matashin, ta shaƙa, ta ɗan runtse ido. Sannan ta ɗago da sauri ta rufe shi da ƙyalle, kamar wadda aka kama tana wani abu. Hasiya ta gani, ta kau da kai don ladabi. A gidan da ta fito, in mace ta shinshina kayanta kafin ta miƙa wa baƙo, tsoron kunya take yi. Da ta isa gida ta buɗe, sai ta ce lallai tsohuwa tana da gaskiya. Matashin yana warin daɗewa: busasshiyar ciyawar da aka cusa a ciki, tsohon katako, wani abu mai kama da kofi, da wani kuma kamar man zafi. Ta ji tausayinta har cikin ranta. Mace mai tsabta irin wannan, tsufa ya hana ta kula da kayanta.

Amana dai Hasiya ta riƙe ta. Lokacin sanyi ne, hannunta ya saba da man shafawa safe da yamma, amma ta haƙura har bayan yatsunta ya yi fari ya fara tsagewa. Ranar da za ta kaɗa miyar kuka, sai ta kai akwatin ɗakin barci ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, don ta san halin daddawa, ba ta neman izini kafin ta shiga wuri. In ta dawo daga aiki ta yi la'asar, sai ta zauna gefen taga ta yi ta gittawa da murɗawa har haske ya ƙare.

Mai damunta ɗaya ce, Salamatou, maƙwabciyarta ta hawa na sama, mutuniyar Maradi mai shagon atamfa da turare. Ita ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, da murya take buɗewa.

"Hasiya, har yanzu wanga abu ne? Wata guda, taƙi guda! Ki taho shago in yanka miki leshi na gaske, ki kai ma tsohuwa ta huta."

"Naki inji ne ya yi shi, Yaya Salamatou."

"To injin ba bawan Allah ne ya ƙera shi ba?"

Duk da haka takan ja kujera ta zauna tana kallo, bakinta a ɗan buɗe, har ta manta da shayin da ke hannunta. Ita ma ta shinshina matashin sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta ce ko buhun gero da ya shekara a rumbu ya fi shi.

Ranar wata Alhamis Hasiya ta kafa allura ta ƙarshe. Ta warware abin da ke naɗe a bayan akwatin ta duba. Fari tas, kuma ko ita da ta san inda hannun tsohuwa ya tsaya nata ya ɗauka, sai da ta nema kafin ta gane wurin. Daɗi ya cika ta, irin daɗin da ke sa mutum neman abin da zai ƙara.

A nan tarbiyya ta motsa. Inna, mahaifiyar Hasiya, ba ta taɓa mayar da kwanon maƙwabta wayam ba, ko ƙuli-ƙuli ne sai ta jefa a ciki. Zanen aro ba ya komawa sai an wanke an turara. Kayan jariri kuwa, wa ya taɓa ganin an kai su gidan haihuwa ba ƙamshi? Ga shi abu uku sun haɗu: kayan aro ne, na jaririya ne, mai shi kuma tana jin kunyar warinsa. Hasiya ta bi dokokin tsohuwa ɗaya bayan ɗaya a ranta, ba ta ji inda aka ambaci turare ba. Yaya za a yi a ambata, tunda Doña Milagros ba ta san akwai mutanen da ke yi wa tufafi hayaƙi da gangan ba.

Da safiyar Juma'a, ranar hutunta, Salamatou ta sauko da kwalabe uku a faranti.

"Bon, ki zaɓa. Wanga na amare ne, wanga na masu jego."

"Bar su, Yaya. Na Inna zan sa."

Salamatou ta ajiye farantin. Ta san kwalbar. Inna ce ta haɗa turaren da hannunta, da hawi da sandal da farce da wasu abubuwan da ba ta gaya wa kowa ba, ta aiko da shi shekarar da ta rasu. Hasiya ba ta samu zuwa jana'iza ba. Tun daga nan take tsakurar turaren ranar Sallah kaɗai, har ya rage abin da bai fi cokali biyu ba a gindin kwalba.

"Duka za ki sa?"

"Ta ba ni na uwarta. Me zan ba ta da ya kai wannan?"

Matsalar turaren wuta a garin nan ita ce na'urar gano hayaƙi da ke maƙale a silin, wadda ko burodi ya ƙone sai ta tara wa mutum jama'a. An taɓa fitar da mutanen ginin gaba ɗaya kan titi saboda kaskon Salamatou, kuma mai kula da ginin bai manta ba. Don haka matan suka koyi dabara: hayaƙi ba ya yawo, tsare shi ake yi. Suka shiga banɗaki, suka ɗora akwatin a kan kujera mai raga, suka cire farin ƙyallen don ƙamshi ya ratsa. Hasiya ta tura kasko ƙarƙashin kujerar, ta juye kwalbar a kan garwashi, ta kankare gindinta da cokali. Suka lulluɓe komai da bargo mai kauri, suka ja ƙofa.

Suka koma falo suka sha shayi. Salamatou ta kawo labarin wata mai saye da ta mayar da atamfa bayan ta ɗinka ta, labarin ya haifi wani. Ƙamshin Inna yana silalowa ta ƙasan ƙofa kaɗan-kaɗan, Hasiya tana jin kamar tana tsakar gidansu da hantsi. Ba ta so ya ƙare, shi ya sa ba ta yi saurin tashi ba.

Da suka ɗaga bargon, a hasken banɗaki komai lafiya. Sai da ta kai akwatin bakin taga. Leshin da ke kan matashi ya koma ruwan ƙwai, wani wurin har ya yi duhu kamar an ɗiga masa shayi. Wanda ke naɗe a baya ya sha hayaƙin ta gefe ɗaya, ya fito da zane-zane. Ta taɓa sanda ɗaya ta ji tana ɗan danƙo. Sukari da mai da ke cikin turaren sun bi hayaƙi sun kwanta a kan zaren.

Hasiya ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Baftisma saura mako guda, aikin kuwa na watanni ne.

"Garin neman gira," in ji Salamatou a hankali, ba ta ƙarasa ba. Can ta ce, "Ina da jabel a sama, ruwan nan mai cire tabo. Ɗigo kaɗan cikin ruwa, ya koma hwari, ba wanda ya sani."

"A'a, Yaya. Na yi gyara ɗaya, ya isa."

Ranar Asabar ta riga kowa zuwa, ban da Doña Milagros, wadda kullum ita ke buɗe ɗakin ta jera kujeru. Hasiya ta ajiye akwatin a kan tebur, ta yaye ƙyallen, ta faɗi abin da ta yi tun daga farko, ba ta sa sunan Salamatou a ciki ba. Tsohuwar ta gyara tabarau, ta ɗaga leshin da bayan yatsa, ta bi shi da ido daga wannan baki zuwa wancan.

"Ina kika haɗa da nawa?"

Hasiya ta nuna mata.

"Ban gani ba," in ji ta. "To wannan shi ne aiki. Launin kuwa, hayaƙin jiya ne, bai zauna ba tukuna. Kawo min almakashi."

Ta daɗe tana ɗaure zaren, biyu-biyu, hannu na rawa, Hasiya na kallo ba ta ce bari in taya ki ba. Da ta yanke, suka zare allurai. Ta aiki Hasiya ta wanko wata babbar kwalba mai murfi, aka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan farin sabulu marar ƙamshi. Leshi ba a cuɗa shi, in ji ta, ba a matse shi. Ta sa shi a ciki ta rufe, ta ce a riƙa juya kwalbar a hankali kamar ana lallashin jariri. Ruwa ya yi rawaya, aka zubar, aka sake. A karo na uku zaren ya fara dawowa hayyacinsa. Suka shimfiɗa shi a kan tawul, suka kafe bakinsa da allurai don ya bushe a miƙe.

Hasiya ta sauke numfashin da ta riƙe tun jiya. Har ta fara dariya, tana ba da labarin bargo da na'urar silin, tsohuwar ma tana murmushi tana goge sandunan ɗaya-ɗaya da ƙyalle. Da ta gama, ta jawo akwatin gabanta, ta sunkuya ta kai hanci jikin matashin, yadda ta saba.

Ba ta ɗago da wuri ba. Ta juya matashin ta shinshina ɗaya gefen. Ta cire shi daga akwatin, ta kai hanci can ƙarshensa inda aka ɗinke bakin yadin, ta kuma leƙa da hancin cikin akwatin kansa. Sannan ta mayar da shi mazauninsa, ta ɗora hannu biyu a kai.

"Shi ma za mu wanke," in ji Hasiya. "Ko in kai shi iska."

"Ciyawa ce a ciki. In ta jiƙe ta ruɓe." Muryarta ba ta canza ba. "Mamá ce ta cusa ta. A kan cinyarta yake yini, kofinta a gefe, da man da take shafa wa gwiwa. Na manta muryarta, kin sani? Hotonta ɗaya ne, shi ma bai yi kama da ita ba. Amma in na sunkuya nan, tana ɗakin."

Sai a lokacin Hasiya ta gane abin da ta gani ranar da aka ba ta akwatin. Ba kunyar wari ba ce, sallama ce tsohuwa ta yi wa uwarta, ta kuma ji nauyin a gan ta tana yi. Hasiya ta so ta ba da haƙuri, ta rasa kalmar da za ta ɗauki abin, a Turanci ko a Hausa. Ga shi kuwa in akwai wanda ya kamata ya gane wannan a duk faɗin Bronx, ita ce.

"Na ɗauka warin yana damunki," ta ce da ƙyar. "A wurinmu ba a mayar da kayan aro haka nan. Na so in girmama ki ne."

"Na sani." Doña Milagros ta sake shaƙa, wannan karon a hankali, kamar mai ɗanɗana miyar wani gida. "Ba shi da laifi. Yana da nauyi, amma ba shi da laifi. A ina ake sayensa?"

"Ba a sayarwa. Mahaifiyata ce ta haɗa."

"Tana can gida?"

"Ta rasu."

"Sai ki riƙa tattalin sauran."

Hasiya ta sunkuyar da kai. "Babu saura. Shi ke nan na juye."

Tsohuwar ta cire tabarau ta dube ta sosai. A waje an fara jin takun sauran matan suna saukowa matakala, wata tana ƙorafin bas. Doña Milagros ta tattara sandunan ta jera su cikin akwatin, ta ɗauko farin ƙyallen ta rufe matashin, ta soke gefensa da allura yadda iska ba za ta shiga ba. Ta ɗan daɗe da hannunta a kai. Sannan ta tura akwatin gaban Hasiya, daidai yadda ta yi a karon farko.

"Ba zan iya karɓa ba," in ji Hasiya.

"Ni me zan yi da shi? Hannu ya tafi, ita ma ta tafi." Ta share gefen idonta da bayan yatsa, ta mayar da tabarau. "Taki uwar ce a ciki yanzu. Ciyawar nan tana riƙe abu, ta riƙe min tawa shekara sittin. Ki rufe shi in kin tashi, kada ki kai shi kusa da girki. Kuma kada ki ba kowa aro, komai kyan hannunsa."